Dabarun Rayuwa a Daji: Abin da Mai Koyo Ya Kamata Ya Fara Sani

Dabarun rayuwa a daji ilimi ne da ke ba mutum damar shiga jeji ya kwana ya fito lafiya da ɗan abin da ke hannunsa. Sun ƙunshi sanin inda za a fake, da samun ruwan sha, da hura wuta, da gane hanya, da kuma neman agaji idan an ɓata. Masu buƙatar wannan ilimi a Nijeriya suna da yawa: ɗalibai masu fita rangadin karatu, da masu yi wa ƙasa hidima, da ma'aikatan safiyo, da ma'aikatan lafiya masu shiga rugage, har da matafiyin da mota ta lalace masa nesa da gari.

Abin da ya fi hallaka baƙo a daji shi ne ƙishirwa, da zafin rana, da saran maciji, da ɓatan hanya, da gurɓataccen ruwa. Haɗarin manyan namun daji bai kai na waɗannan ba. Saboda haka darasin farko shi ne sanin abin da ake gabatarwa da abin da ake jinkirtawa.

Asali da wuraren koyo

Maharba da makiyaya da masu ɗiban zuma sun gaji sanin daji tun kaka da kakanni. Tsara shi a matsayin darasin makaranta ne ya zo daga baya. A shekarar 1907 Robert Baden-Powell ya kafa sansanin gwaji a tsibirin Brownsea na ƙasar Ingila, wanda daga gare shi ƙungiyar 'yan sikawut ta samo asali, ta kuma iso Nijeriya a 1915. A 1941 Kurt Hahn da Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a yankin Wales domin koya wa matasa, musamman ma'aikatan jiragen ruwa, juriya a lokacin wahala.

A kan wannan tsari ne Alec Dickson ya kafa wata makaranta a 1951 a gaɓar Man O' War, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Daga baya makarantar ta dawo Jihar Filato ta yanzu, ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta Gwamnatin Tarayya. Cibiyar tana da rassa da suka dace da yanayin ƙasa daban-daban, ciki har da na duwatsun Shere a Jos, da na teku a Apapa ta Legas, da na kurmi a Aluu ta Jihar Ribas, da na Fika a Jihar Yobe, da na Kwatarkwashi a Jihar Zamfara. Masu yi wa ƙasa hidima, a shirin da aka kafa a 1973, suna ɗanɗana kaɗan daga wannan horo a sansaninsu na mako uku.

Shiri kafin fita

Rabin tsira ana yin sa ne tun a gida. Mai shiga daji ya sanar da wani amintacce inda za shi, da hanyar da zai bi, da lokacin da zai dawo, domin wanda ba a san ya fita ba ba a neman sa. Mai koyo ba ya fita shi kaɗai, kuma yana tafiya da ɗan jagora daga mutanen yankin.

A halin da ake ciki, dazuzzuka da dama sun zama maɓoyar 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Wajibi ne a tuntuɓi mai unguwa ko dagaci da jami'an tsaro kafin a shiga. Gandayen daji na ƙasa, irin su Gashaka-Gumti da na Tafkin Kainji da na Kuros Riba, ana shigarsu ne da izinin hukuma da rakiyar jami'an gandu, kuma farauta da sare itace da cinna wuta a cikinsu laifi ne.

Kayan da ba a barinsu su ne: ruwa, da wuƙa ko adda, da ashana a ƙulle cikin leda tare da leta, da tocila, da usur, da igiya, da ƙaramin tamfol, da gidan sauro, da ƙaramar tukunyar ƙarfe, da malafa, da takalmi mai rufe idon sawu, da bandeji, da gishiri da sukari, da waya cike da caji. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, sai dai a tsakiyar daji sau da yawa babu sabis.

Jerin buƙatu

Masu horarwa suna amfani da wani ƙiyasi da ake kira ƙa'idar uku: mutum yana iya jure kimanin minti 3 babu iska, awa 3 cikin tsananin zafi ko sanyi babu mafaka, kwana 3 babu ruwa, mako 3 babu abinci. Ƙiyasi ne kawai, amma yana nuna jerin buƙatu. Sabon shiga yakan fara da neman abin da zai ci, alhali abinci shi ne na ƙarshe.

Mafaka

Da bazara mafaka tana nufin inuwa. Ana tafiya da sassafe ko da yamma, a huta daga hantsi zuwa la'asar. Ciwon kai da jiri da amai alamun galabaita ne. Idan mutum ya fara rikicewa ko sambatu kuma jikinsa ya yi zafi ƙwarai, to bugun rana ne mai iya kisa. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a gaggauta kai shi asibiti.

Da hunturu kuwa sanyi ne abin tsoro, musamman a tudun Jos da na Mambila, inda ma'aunin zafi kan sauka zuwa kusan digiri 10 da dare. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki, don haka ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri kafin a kwanta. Ba a yada zango a cikin busasshen rafi da damina, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya tahowa da ambaliya cikin dare. Ba a kwana kusa da suri ko tarin duwatsu ko ruɓaɓɓen gungume saboda macizai da kunamu. Idan ana tsawa, a nisanci doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da kuma kan dutse.

Ruwa

Mai tafiya cikin rana yana iya zubar da lita guda ta hanyar gumi cikin awa ɗaya. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Inda giginya ko goruba ko giyayya suka yi jeri, galibi ruwa yana kusa da saman ƙasa. Tonon rairayin busasshen kogi, musamman a kwana inda ƙasa ta fi zurfi, yakan fitar da ruwa. Turbar shanu ma takan kai ga mashaya.

Ruwan daji, komai garai ɗinsa, ana tace shi da tsabtataccen ƙyalle, sannan a dafa shi ya tafasa sosai na minti ɗaya. Idan babu wuta, ana zuba ruwa mai haske a farar robar ruwa a kwantar da ita cikin rana na awa 6, ko kwana 2 idan akwai gajimare. Wanka a kududdufi yana jawo tsargiya. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa.

Wuta

Wuta tana dafa ruwa, tana ba da ɗumi, tana kuma nuna inda mutum yake. Ana tara abu uku kafin a ƙyasta ashana: makamashi mai saurin kamawa kamar audugar rimi ko busasshiyar ciyawa, sai ƙirare, sai manyan itatuwa. Ƙyastu, wato ƙarfe da ƙanƙara da auduga, yana aiki, amma yana son gwaji mai yawa a gida. Ana share ciyawa taku biyu kewaye da murhu, a kuma kashe wutar da ruwa da ƙasa har toka ta huce, domin da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonaki da makiyaya.

Gane hanya da neman agaji

Wanda ya lura ya ɓata ya tsaya cak. Firgita ce ke sa mutum sauri, kuma wanda ba shi da alamar da yake bi yakan yi ta kewaya wuri ɗaya. Idan an san inda ya nufa, zama wuri ɗaya ya fi. Busa usur sau uku a jere alamar neman taimako ce. Da rana ana zuba ɗanyen ganye a wuta don hayaƙi ya tashi, da dare a haska tocila.

Idan tafiya ta zama dole, ana kafa sanda a fili a sa alama a ƙarshen inuwarta, bayan kamar minti 20 a sake sa wata. Alamar farko tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa. Ana zaɓar bishiya ko dutse a gaba a nufe shi, ana barin alama a baya.

Maciji da abin ci

Macizan da suka fi yin ɓarna a dajin savana su ne kububuwa da kasa da gamsheƙa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma zubar jinin kan bayyana bayan sa'o'i, lokacin da mutum yake zaton ya tsira. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Shawararta ita ce kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar tamau, kada a dogara da baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a tallafe gaɓar da karan tsage kamar karaya, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Garin Kaltungo na Jihar Gombe yana da asibitin da ya ƙware a wannan fanni. Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke shi nan take da ruwa mai yawa.

Game da abinci, ana cin abin da aka sani tabbas, kamar 'ya'yan kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya da ɗinya da magarya da aduwa. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu da zaƙami guba ne, haka ma ƙaron tumfafiya da na tinya. Ganin tsuntsu ko akuya suna cin abu ba hujja ba ce. Taɓa ɓeraye da cinsu yana iya kawo zazzaɓin Lassa.

Matakan koyo

Ana fara gwajin hura wuta da ɗaurin igiya da kafa tamfol a tsakar gida, sannan fitar yini ɗaya a wurin da aka sani, sannan kwana ɗaya tare da ƙwararre. Horon taimakon gaggawa, irin wanda Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya ke bayarwa, ya kamata ya gabaci doguwar tafiya. Karatu da kallon bidiyo suna taimakawa, amma hannu ba ya iya abin da bai taɓa yi ba. Bishiyoyi da sawun dabbobi da mashaya sun bambanta daga yanki zuwa yanki, shi ya sa ko wanda ya ƙware a dajin Bauci yake neman ɗan jagora idan ya shiga kurmin Kuros Riba.