Larabawa da Musulunci: Abin da Tarihi Ya Nuna

Da yawanmu a ƙasar Hausa mun taso da ɗaukar cewa duk Balarabe Musulmi ne, kuma duk abin da aka rubuta da Larabci addini ne. Shi ya sa in muka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai mu ɗauke ta da ladabi, ko da kuwa tallar sabulu ce. Girmama harshen Alƙur'ani abu ne mai kyau, amma tarihi ya nuna mana cewa zama Balarabe daban, zama Musulmi daban.

Tun kafin zuwan Annabi (SAW) akwai Larabawa Kiristoci, kamar Gassanawa na Sham da mutanen Najran da ƙabilar Taglib. Wasunsu ba su bar addininsu ba har bayan kafuwar daular Musulunci. Al-Akhtal, mawaƙin fadar Umayyawa, Kirista ne. Haka ma Butrus al-Bustani na Lebanon, wanda ya tsara ƙamusun Muhit al-Muhit a wajen 1870, da Michel Aflaq, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Ba'ath ta kishin Larabawa a 1947.

Su kuwa waɗanda suka musulunta ba Larabawa ba, tun farko akwai su: Bilal na Habasha da Salmanul Farisi sahabbai ne. Sai dai a zamanin Umayyawa (661-750) an mayar da irinsu, waɗanda ake kira mawali, saniyar ware. Gwamnan Iraƙi Hajjaj ɗan Yusuf ya ci gaba da karɓar jiziya daga hannunsu alhali sun musulunta, har sai da Halifa Umar ɗan Abdul'aziz (717-720) ya hana. Bayan rasuwarsa wariyar ta dawo, kuma fushin mawali na Khurasan na cikin abubuwan da suka kifar da daular a 750. Ashe ke nan cakuɗa jini da aƙida ya taɓa cin daula guda.

Abin mamaki, zuriyar waɗannan mawali ce ta riƙe ilimin addinin. Sibawaihi, wanda littafinsa ya zama tushen nahawun Larabci, Bafarishe ne. Imam Bukhari (810-870) ɗan Bukhara ne, a Uzbekistan ta yau. Ibn Khaldun da kansa ya lura a cikin Muƙaddima cewa mafi yawan malaman Musulunci ba Larabawa ba ne. Mu ma nan, Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali ne suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji (1349-1385).

A yau Larabawa kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na Musulmin duniya. Indonesiya kaɗai tana da Musulmi sama da miliyan 200, fiye da na Masar da Saudiyya da Iraƙi in an haɗa su. Ƙungiyar ƙasashen Larabawa tana da mambobi 22, ta ƙasashen Musulmi kuwa 57.

Saboda haka, mu marubuta ya kamata mu rarrabe. Mu koyi Larabci don ibada da ilimi, amma kada mu raina harshenmu da sunan addini. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u sun ƙware a Larabci, duk da haka da Fulatanci da Hausa suka yi wa jama'a waƙoƙin wa'azi, domin sun san addinin na kowa ne.