Sai Bango Ya Tsage: Tarihin V, Shirin da Ƙadangaru Suka Ci Duniya

Ana gab da shiga watan Mayun 1983, matafiya a wasu tashoshin jirgin ƙasa na Amurka suka wayi gari da wasu fastoci manne a bango: mutum sanye da baƙin tabarau yana murmushi, an kuma rubuta cewa Baƙi abokanmu ne. Ba sunan kamfani, ba sunan haja. Bayan 'yan kwanaki sai aka ga an bi fastocin an fesa musu harafin V da jan fenti, kamar aikin yaran unguwa. Tashar talabijin ta NBC ce ta yi duka biyun, mannawar da ɓatawar. Tallar wani shiri take yi, wanda ta nuna a dare biyu, 1 da 2 ga Mayu, sunansa kuma bai wuce wannan harafi ɗaya ba.

Kenneth Johnson, wanda ya rubuta shirin ya kuma ba da umarni, tsohon hannu ne a harkar. Shi ya ƙirƙiro The Bionic Woman, shi ya kawo The Incredible Hulk talabijin. Sai dai abin da ya fara kai wa NBC babu ko ƙyallin halittar wata duniya a cikinsa. Littafin Sinclair Lewis na 1935 ya karanta, It Can't Happen Here, labarin wani sanata mai zaƙin baki da ya ci zaɓen shugaban ƙasa, ya taka majalisa, ya kafa rundunar 'yan banga, ya mayar da Amurka ƙasar kama-karya irin ta Hitler. Lewis kuwa ba da ka ya yi rubutun ba. Matarsa Dorothy Thompson 'yar jarida ce da ta yi hira da Hitler a 1931, gwamnatin Nazi kuma ta kore ta daga Jamus a 1934. A kan wannan turba Johnson ya gina nasa labarin, ya sa masa suna Storm Warnings.

Manyan NBC suka karanta suka ce abin ya yi wa mai kallo nauyi. Zamanin kuwa na sararin samaniya ne: Star Wars ya fito a 1977 ya kwashi kuɗin da ba a taɓa gani ba, E.T. ya biyo baya a 1982. Sai aka daidaita a kan cewa 'yan kama-karyar su sauko daga sama. Kamfanin Warner Bros. ya ɗauki aikin, aka kashe kimanin dala miliyan 13, kuɗi masu kauri a talabijin na wancan lokaci.

Labarin ya buɗe ne a El Salvador, inda ake yaƙin basasa na gaske a shekarun nan. Mai ɗaukar hoton labarai Mike Donovan, wanda Marc Singer ya fito a matsayinsa, yana tsakiyar ɗaukar artabu sai wani ƙaton jirgi mai siffar faifai ya rufe sama. Irinsa 50 ne suka tsaya cak a kan manyan biranen duniya. Da shugaban tawagar, John, ya sauka a saman ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, sai aka ga mutum ne kamar kowa, in ban da amon da ke cikin muryarsa da tabarau saboda hasken rana. Ya ce daga wata duniya suke da ke kewaya tauraron Sirius, tana neman mutuwa, suna roƙon a taimake su da haɗa wasu sinadarai a masana'antun duniya. Tukwici kuwa shi ne iliminsu, har da maganin ciwon daji. Wa zai ƙi? Ranar da suka isa wata masana'anta a yankin Los Angeles, 'yan badujalar makarantar sakandare ne suka tarbe su da kiɗan Star Wars. Johnson da gangan ya yi wannan zolaya, yana nuna wa masu kallonsa da wane ido su ma za su karɓi irin waɗannan baƙi.

Duk wanda ya taɓa kallon V, abu biyu ne ke fara faɗo masa. Na ɗaya, Diana, mataimakiyar shugaban Baƙin, wadda Jane Badler ta fito a matsayinta, ta wangale baki fiye da yadda muƙamuƙin ɗan Adam zai iya, ta haɗiye ɓeran masar ɗungurungum. Na biyu, Donovan da ya saci jiki ya shiga jirgin yana kokawa da wani Baƙo, fatar fuskar ta yage, koren ɓawo na ƙadangare ya bayyana. Daga baya aka gane sinadaran nan duk yaudara ce. Ruwan duniya suka zo kwashewa, mutane kuma a adana su a cikin jirage, wasu abinci, wasu sojojin da za a tura wani yaƙi. Waɗannan su ne suka hana yara barci, su ne kuma suka sayar da shirin. Amma a ganina ba nan ƙarfinsa yake ba. Tun 1962 shirin The Twilight Zone ya riga ya ba da labarin baƙi masu fara'a da ke kiwon mutane don tukunya.

Abin da V ya yi wanda ba a saba gani ba shi ne ya mayar da kyamara kan maƙwabta. Baƙin ba su harba ko bindiga ɗaya ba kafin su karɓe mulki. Sun lura cewa masana kimiyya, musamman masu nazarin halittu da asalin ɗan Adam, su ne za su iya tona asirinsu, sai suka fara da su. Wasu suka ɓace. Wasu aka juya musu ƙwaƙwalwa a cikin jirgi, suka dawo suna shelar cewa akwai wata ƙungiyar asiri ta masana da ke ƙulla wa Baƙi makirci. Aka ce kowane masani ya je ya yi rajista, shi da iyalinsa. Abokan arziki suka fara sauya hanya in sun hango su, yara suka fara jifan gidajensu. Ranar da Donovan ya kawo faifan da ya ɗauka za a watsa wa duniya, Baƙin suka katse shirin, suka karɓe tashoshi, aka kafa dokar ta-ɓaci da sunan kare jama'a. Jan kakinsu da tambarin da ke jikin tutarsu, mai kama da na Nazi da aka ɗan gutsure, ba su bar wa kowa shakkar tarihin da ake maimaitawa ba.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma 'yan garin Johnson ba dodanni ba ne. Kristine Walsh 'yar jarida ce mai neman ɗaukaka, aka ba ta muƙamin kakakin Baƙi, ta karɓa tana gaya wa kanta cewa aiki ne kawai. Eleanor, mahaifiyar Donovan, attajira ce da ta saba zama kusa da duk mai riƙe da madafun iko, don haka sabon mai gida bai zame mata matsala ba. Daniel Bernstein kuwa saurayi ne da ba ya riƙe aiki, ba wanda ke ganinsa da gashi. Ƙungiyar matasa ta Baƙi ta ba shi kaki da bindiga, a karon farko a rayuwarsa mutane suka fara kauce masa a hanya. Babu ɗayansu da aka sa wa wuƙa a wuya.

A gidan su Daniel ne shirin ya fi nauyi. Kakansa Abraham, wanda Leonardo Cimino ya fito a matsayinsa, Bayahude ne da ya tsira daga sansanin Nazi. Da masanin nan Robert Maxwell ya zo da iyalinsa neman mafaka, ɗan Abraham ya so ya ƙi don tsoro, tsohon ya tsaya kai da fata sai an ɓoye su, ya tuna masa cewa mahaifiyarsa ta halaka ne a sansani saboda ba a sami wanda ya ɓoye su ba. Aka ɓoye su. Wanda ya kai rahoto kuwa shi ne Daniel, jikan gidan, kuma iyayensa da kakansa aka kwashe. Iyayen sun dawo bayan azaba, tsohon bai dawo ba. Johnson bai tsaya nan ba. Shi kansa Maxwell, wanda aka yi wannan sadaukarwa dominsa, da Baƙi suka kama 'yarsa Robin, sai ya faɗa musu inda sansanin 'yan gwagwarmaya yake a kan dutse. A harin da ya biyo baya aka kashe matarsa. Shirin talabijin na dare a Amurkar 1983 bai cika barin mutumin kirki ya yi irin wannan faɗuwa ba.

Abraham ne kuma ya ba shirin sunansa. Ya tarar da yara suna ɓata fastar Baƙi da fenti, ya kama hannun ɗayansu ya nuna masa yadda ake zana V, alamar nasara. Wannan ma daga tarihi aka ɗauko. A watan Janairun 1941, Victor de Laveleye, ɗan siyasar Beljiyam da ke gudun hijira a Landan, ya yi kira ta rediyon BBC ga mutanen ƙasarsa su riƙa rubuta harafin a bango don sojan Jamus ya san ba a sallama ba. Abin ya bazu zuwa Faransa da Holan, Winston Churchill kuma ya mayar da shi alamar yatsu biyu.

Su ma 'yan gwagwarmayar ba jarumai ba ne tun asali. Shugabarsu Julie Parrish, wadda Faye Grant ta fito a matsayinta, ɗalibar likitanci ce da shugabanci ya faɗo wa don kawai kowa ita yake kallo in an rasa abin yi. Akwai ɓarawon unguwa Elias, wanda bai shiga ba sai da aka kashe yayansa likita. Akwai mai gyaran lambu ɗan Meziko da ya yi fasa-ƙwaurin mutane a bayan motarsa. A cikin Baƙin ma akwai masu adawa a ɓoye irin su Martin, da kuma Willie, bawan Allah mai sanyin hali da aka koya wa Larabci don a tura shi ƙasar Larabawa, aka yi kuskure aka sauke shi a Los Angeles yana ta kwaɓa Turanci. Robert Englund ne ya yi Willie, shekara ɗaya kafin duniya ta san shi da Freddy Krueger.

Wani baƙin ciki na gaske ya ratsa aikin. Dominique Dunne, wadda ta yi suna a fim ɗin Poltergeist, ita aka fara ba matsayin Robin. A ƙarshen Oktoban 1982, tana bitar wasan a gidanta tare da David Packer mai fitowa a Daniel, tsohon saurayinta ya zo ya shaƙe ta, ta rasu bayan 'yan kwanaki tana da shekara 22. Blair Tefkin ce ta maye gurbinta.

Shirin ya karɓu ƙwarai. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu kallon talabijin a Amurka a lokacin da ake nuna shi, shi suke kallo. Daga nan kuma aka fara gangara. NBC ta nemi ci gaba, Johnson ya saɓa da kamfani kan kuɗi da alkiblar labarin, ya tattara nasa ya bar musu. V: The Final Battle ya fito a dare uku a Mayun 1984, Richard T. Heffron ya ba da umarni. Yana da abin yabo, musamman Michael Ironside a matsayin Ham Tyler, tsohon ɗan leƙen asiri mara imani. Amma mafitar da aka samo ta yi arha. Robin ta haifi 'yar Baƙo, daga nan aka samo wata ƙwayar cuta, aka haɗa jar ƙura mai kashe ƙadangaru, aka watsa ta a iska da manyan balan-balan. Dabarar H. G. Wells ce ta 1898, inda ƙwayoyin cuta suka gama da mayaƙan Mars. Da Diana ta kunna na'urar tarwatsa duniya kuma, 'yar Robin ɗin nan, Elizabeth, ce ta kashe na'urar da wani haske da ya fito daga jikinta, ba bayani. Tambayar da aka fara da ita, ta yadda mutum ke sallama maƙwabcinsa, an amsa ta da tsafi.

A Ingila, tashar ITV ta haɗa kashi biyun ta nuna su a jere a lokacin wasannin Olamfik na Los Angeles na 1984, daidai sa'adda BBC ta cika allonta da guje-guje da tsalle-tsalle, kuma miliyoyin mutane suka zaɓi ƙadangarun. Shirin mako-mako da ya biyo baya, daga Oktoban 1984 zuwa Maris 1985, kashi 19 kawai ya yi. An daina sa amon muryar Baƙin, ana ta maimaita tsofaffin hotunan jirage don tsimin kuɗi, labarin ya koma kishi da ƙulle-ƙulle tsakanin Diana da abokiyar hamayyarta Lydia. Aka soke shi ba tare da an kammala ba. ABC ta sake gina shi a 2009, Morena Baccarin ta fito a Anna, shugabar Baƙi mai alƙawarin lafiya kyauta ga kowa, har wasu masu sharhi suka ce da Barack Obama ake. Shi ma kashi 22 ya yi aka rufe shi a 2011.

Akwai wani gado da ya fi ban takaici. Siffar ƙadangare sanye da fatar mutum yana mulkin duniya a ɓoye ta fita daga allo ta shiga bakin masu yaɗa zargin makirci. David Icke ɗan Ingila, a littafinsa na 1999, The Biggest Secret, ya yi da'awar cewa sarakuna da shugabannin duniya irin waɗannan halittu ne, kuma masu suka da dama sun ce tsohon ƙazafin da ake yi wa Yahudawa ne aka sauya wa riga. Ba Johnson ya haifi wannan tunani ba, amma shirinsa ya taimaka wajen dasa hoton a idon jama'a. Labarin da aka rubuta don a nuna yadda ake ƙirƙirar makircin ƙarya a halaka wani rukuni na mutane, hotonsa ya zama kayan aikin masu irin wannan sana'a.

Johnson bai haƙura ba. A 2008 ya fitar da littafi, V: The Second Generation, ya yi watsi da duk abin da aka ƙara bayan tafiyarsa. Babu jar ƙura, babu yarinya mai haske. Ya ɗauko labarin bayan shekara 20 da saukar jiragen: Baƙi na nan kan mulki, an murƙushe yawancin 'yan gwagwarmaya, ruwan teku ya ja baya sosai, an kuma sami matasan da tun da aka haife su ba su san wata gwamnati ba sai wannan.