Baba ta Karo da zuriyar Ibrahim Dara

Jama'ar Gangara, in ana zancen Damargu ta ƙarni na 19, ayarin Azbinawa ake tunawa, masu sauke gishiri su ɗauki geronmu, sai kuma Bature Barth da ya ratsa ƙasar a 1851. Matan da suka sussuke geron nan ba mai kiran sunansu. Shi ya sa tarihin Baba ta Karo yake tsaya mini a rai.

An haife ta wajen 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau. Asalin gidansu Barebari ne daga Borno, kamar yawancin Dagarawan ƙasarmu. Kakanta Ibrahim Dara, mahaifinta Tsoho, malami kuma manomi. Gidan na da rinji, bayi ne ke noma gandu, kuma Baba ba ta ɓoye wannan ba. Ta faɗi yadda 'ya'yan gida da 'ya'yan bayi suke tashi tare, ta kuma faɗi tsoron Mai Sudan na Kwantagora, wanda mahayansa ke kame mutane a gona da hanya. Har cikin gidansu an kama mata, dangi suka yi ta haɗa wuri na fansa. Mai bawa yau, gobe shi ake ja a igiya. Da Turawa suka zo bayin rinjin suka watse, iyayenta maza suka koma riƙe fartanya da hannunsu.

Aurenta huɗu. Na fari auren zumunci ne da Duma, ta yi shi don biyayya, alhali zuciyarta na wurin Malam Maigari, wanda ta aura daga baya. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta aurar da su. Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni: macen da ba ta haifa ba ita ce ta riƙe sunayen zuriyar kaf, wa ya auri wa, wace ta yi yaji, wace ƙawar wace.

A Giwa, tsakanin 1949 da 1950, ta zauna tana ba wata mata mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, Allah ya jiƙanta. Littafin ya fito a Landan a 1954, da Turanci.