Mallaka da Jari a Ƙwallon Ƙafar Matasa: Nazari a Kan Haɗeja da Ƙungiyar Jigawa Golden Stars

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda tsarin mallaka da irin jarin da ake zubawa ke shafar ƙungiyoyin wasa masu dogaro da matasa, ta ɗauki Haɗeja a matsayin fagen nazari. An bi sawun sakamakon Jigawa Golden Stars a gasar ƙasa, aka gwama shi da na ƙungiyoyi masu zaman kansu a Najeriya da Kanada. Matsayar maƙalar ita ce, tsawon lokacin da mai ƙungiya zai iya jira, da wurin da ya sa kuɗinsa, su suka fi yawan kuɗin tasiri.

Gabatarwa

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Arzikin yankin na fadama ne: shinkafa, alkama, tattasai da kifi. Ƙwallo a nan tana da bene biyu da babu matattakala tsakaninsu. A sama akwai Jigawa Golden Stars, mallakar gwamnatin jihar da aka ƙirƙiro a 1991. A ƙasa akwai ƙungiyoyin unguwanni, waɗanda ke rayuwa da karo-karo, da abin da uban ƙungiya ya ciro daga aljihunsa, da kofunan da 'yan siyasa kan sa idan zaɓe ya ƙarato. Nazarin ya dogara da sanannen sakamakon gasa da dokokin hukumar FIFA.

Hawa da sauka

Golden Stars ta buga babbar gasar ƙasa a kakar 2012, tana karɓar baƙi a filin wasa na Haɗeja, kuma a ƙarshen kakar ta faɗo. Ta sake hawa a 2019 tare da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets, wadda aka sauya wa suna zuwa Dakkada. Annobar korona ta katse kakar 2019/2020, ba a saukar da kowa ba. Da aka buga cikakkiyar kaka ta 2020/2021, uku daga cikin huɗun nan suka koma inda suka fito: Golden Stars da Adamawa United da Warri Wolves. Dukkan ukun gwamnatocin jihohi ke riƙe da su.

A wannan kakar Golden Stars ta buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tazarar sama da kilomita 350 daga Haɗeja. Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta maki. Kuɗin ƙofa ya tafi, kuɗin mota da masauki ya ƙaru, sannan yaron Auyo ko Malam Madori ya daina ganin manyan 'yan wasa da idonsa, su ma masu horarwa sun daina ganinsa. Ƙungiyar da ke gudun hijira ba ta renon kowa.

Dalilin yana cikin tsarin kasafi. Kuɗin ƙungiyar gwamnati shekara-shekara yake fitowa, shugabanninta kuma naɗi ne da kan canza da canjin gwamnati. Shugaban da ke da shekara biyu ko uku a hannu zai nemi abin da zai nuna wa gwamna da wuri, wato hawa babbar gasa. Hanya mafi sauri ita ce ɗauko gogaggun 'yan wasa daga wasu jihohi a biya su kuɗin sa hannu. Wanda ya karɓi aron gona na damina ɗaya ba ya dasa mangwaro. Ɗan shekara 13 kuwa sai an yi shekara shida ko bakwai ana ciyar da shi kafin a ga amfaninsa.

Ba a ce mallakar gwamnati ba ta cin kofi ba. Kano Pillars ta lashe gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma Pillars tana da filin Sani Abacha da jama'ar da ke cika shi, kuma duk da haka ta faɗo a 2022.

Masu dogon zango

Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname ce. Ita ma ta ɗanɗani faɗuwa, a 2017 da 2019. Bambancin shi ne mai ita bai canza ba. Ya gina fili, ya kafa makarantar horar da matasa ta Beyond Limits, ya kuma sayi kaso mafi tsoka a ƙungiyar Feirense ta Fotugal a 2015, wadda ta zama ƙofar Turai ga yaransa. Remo ta dawo a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, ta ɗauki kofin a 2025. Beyond Limits kuma ta lashe gasar matasa ta Viareggio a Italiya a 2024.

Irin wannan ya faru a wani wasa da ba a san shi a Haɗeja ba, wato hoki na kan ƙanƙara. Ƙungiyar matasa ta London Knights a lardin Ontariyo na Kanada wasa 3 kacal ta ci cikin 66 a kakar 1995/1996. 'Yan'uwa biyu tsofaffin 'yan wasa, Dale da Mark Hunter, suka saye ta a 2000, suka riƙe horarwa da zaɓen matasa da kansu, ta koma sabon zauren wasa a 2002, ta ci kofin Memorial a 2005.

Sai dai hannun mutum ɗaya yana da nasa haɗarin. FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi ta ci kofin ƙalubale a 2016, kuma ita ce cikon ta huɗu a ƙungiyoyin da suka faɗo a 2021 tare da Golden Stars, a lokacin da mai ita ya riga ya zama sanata. Wannan ne ma'aunin da ya kamata a auna Barau FC ta Kano da shi, wadda ta hau babbar gasa a 2025.

Haƙƙin da ke zubewa a unguwa

Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Tun 2022 hukumar ta buɗe ofishin da ke bin wannan haƙƙi ta hanyar fasfon ɗan wasa na intanet. Sharaɗin ɗaya ne: sai ƙungiyar tana da rajista, yaron ma yana da rajista a ƙarƙashinta. Kocin unguwa da ya saya wa yaro takalmi, ya roƙi mahaifinsa ya bar shi ya zo atisaye bayan an taso daga gona, ba ya cikin lissafi muddin sunansa bai shiga takarda ba.

A ganin wannan maƙala, nan ne jari mafi arha yake. Yi wa ƙungiyoyin ƙananan hukumomin masarautar rajista da hukumar ƙwallon jiha, da shirya gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 a lokacin rani, sa'ad da ruwa ya janye daga filaye kuma hanyoyin Guri da Kiri Kasamma suka bushe, ba zai kai kuɗin riƙe ƙungiya kaka guda a wata jiha ba. Manyan 'yan kasuwar shinkafa da kifi na yankin za su iya sayen hannun jari, amma sai an mayar da Golden Stars kamfani mai littafin kuɗi da ake bincikawa, aka kuma bar filin Haɗeja a hannunta bisa yarjejeniyar da ta zarce wa'adin gwamna guda.