Ɗakin Musgum, Tulun da Ake Kwana a Ciki

A ƙauyukan da ke kewaye da Maiganga, a ƙasar Kamaru, ciyawa ce ke kare laka. Ruwan sama yana da yawa a tudun Adamawa, shi ya sa ake sauko da jinka har ta rufa wa bango asiri. Amma wanda ya nausa arewa, ya wuce Ngaundare da Garwa da Marwa, ya kai Pus a bakin kogin Logon, zai tarar da mutanen da suka yi ɗaki da laka zalla, ba azara, ba jinka. Su ne Musgum, ɗakin kuwa teleuk suke ce masa.

Ƙasarsu fadama ce, itacen gini ya yi ƙaranci, laka kuwa ga ta har ƙofar gida. Sai suka gina ɗaki yadda mai tukwane ke gina tulu: a kwaɓa laka da ciyawa, a ɗora zagaye guda, a bari ya sha iska, a ɗora wani. Gindi da kauri, sama tana sirancewa, har wani ya kai mita 9. Tudun-tudun da ke jikin bangon, waɗanda baƙo ke ɗauka ado ne kurum, su ne tsanin magini. A kansu yake taka ƙafa ya hau ya yi yaɓe, su ne kuma ke karya ƙarfin ruwa in ya gangaro. Can ƙololuwa akwai kafar hayaƙi, da hadari ya haɗo sai a toshe ta.

Wani Bature matafiyi mai suna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga ƙasar a ƙarshen 1851, yana biye da rundunar Barno da ta je kamun bayi. Marubucin Faransa André Gide ya ga ɗakunan a 1926, ya yaba su matuƙa. A 1931 har kwaikwayonsu aka kafa a bajekolin mulkin mallaka na Paris. Abin takaici, a daidai lokacin da ake kallonsu a Turai, a gida sun fara ƙarewa. Aikin tilas ya ɗebe majiya ƙarfi, daga baya kwano da siminti suka shigo, ɗaki mai kusurwa huɗu ya zama abin yayi.

Wajen 1995 aka sake tayar da sana'ar a Murla, kusa da Pus, da tallafin wata ƙungiyar Faransa mai kula da kayan tarihi. Tsofaffin da hannunsu bai manta ba suka tsaya a kan samari, zagaye bayan zagaye, har gida guda ya miƙe da ɗakunansa.