Modem da Layin Tarho: Tarihin Farkon Intanet Tsakanin Ikeja da Agege

Kafin wayar salula ta zama ƙofar da galibin 'yan Najeriya suke bi su shiga intanet, an yi wani gajeren zamani, daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, wanda a cikinsa mai son shiga daga gida ko ofis sai ya haɗa kwamfutar tebur da layin tarho na ƙasa, kwamfutar ta buga lambar wani kamfani kamar yadda mutum yake kiran ɗan'uwansa, sannan a buɗe mata hanya. Wannan tsari yana bukatar abubuwa biyu, wato na'ura da layi, kuma tarihinsa a Legas tarihin rashin daidaito ne a tsakaninsu, domin na'urar ta yi araha ta yawaita a Ikeja cikin 'yan shekaru kaɗan, alhali layin ya ci gaba da zama abin da sai mai hali ko mai hanya yake samu.

Harkar tarho a lokacin tana hannun NITEL, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1985 bayan an haɗe sashen sadarwa na tsohuwar hukumar gidan waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje. A 1992 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, da doka mai lamba 75, domin ta buɗe wa 'yan kasuwa wasu sassa na harkar. Saƙonnin imel na farko sun riƙa bi ta makarantu, musamman Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda ta shiga wani shiri na UNESCO na haɗa ƙasashen Afirka da kwamfuta, kuma a 1995 aka yi wa Najeriya rajistar alamarta ta intanet, wato .ng. A 1996 NCC ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet ga jama'a, Linkserve ya fara aiki a farkon 1997, wasu irin su Hyperia da Cyberspace da Infoweb suka biyo baya, kusan dukkansu da mazauni a Legas.

A daidai wannan lokaci ne titin Otigba da ke Ikeja, wanda a da unguwar zama ce da 'yan ofisoshi, ya fara rikiɗewa zuwa kasuwar da aka sani yanzu da Computer Village. Wurin ya dace da sana'ar, domin Ikeja ce babban birnin Jihar Legas tun 1976, ga filin jirgin sama na Murtala Muhammed a kusa, ga layin dogo da babban titin da ya nufi Agege da Abeokuta a gefensa, kayan da aka sauke a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can kuma ba su da nisan tafiya. Mafi yawan kwamfutocin gwanjo ne, waɗanda mutanen Legas suke kira tokumbo, wato kayan da ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su aka loda a kwantena. Wasu kuma a nan ake harhaɗa su, a sayi akwati daban, allon uwa daban, ma'ajiyar bayanai daban, yaron shago ya ɗaure su da sukurudireba a gaban mai saye. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar 486 ko Pentium ta farko, wadda aka daina yayinta a Landan, ta isa ta yi aikin intanet na wancan zamani ba tare da ta gaza ba.

Abin da yake haɗa ta da layi shi ne modem, na'urar da take mayar da lissafin kwamfuta, wanda duka sifili ne da ɗaya, ya koma sauti, tunda an gina layin tarho ne don ɗaukar muryar ɗan'adam kawai, sannan ta mayar da sautin da ya zo daga ɗaya ɓangaren ya koma lissafi. Iri biyu ake samu a kasuwa. Akwai na waje, ɗan akwati mai jerin ƙananan fitilu da wayar wutarsa, wanda ake jona shi da kafar da ke bayan kwamfuta mai suna COM, kuma na kamfanin US Robotics ya yi suna wajen ƙarko. Akwai kuma na ciki, kati ne da ake buɗe akwatin kwamfuta a soka shi a gurbinsa, ya fi araha, amma da yawa daga cikin irinsa ba sa motsi sai an sa musu direba, wato ƙaramar manhajar da take koya wa Windows yadda zai yi magana da na'urar. Da yake kayan gwanjo ba kasafai suke zuwa da faifansu ba, neman direban da ya dace da kati ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma mai gyaran da ya tara faifan direbobi iri-iri ya fi takwarorinsa ciniki.

Bayan an sa modem, sai a zare wayar da ta fito daga bango daga jikin tarho a soka ta a kafar da aka rubuta wa Line, a jona tarhon kansa a kafa ta biyu domin gida kada ya rasa abin kira. Daga nan aiki ya koma kan allo. A Windows 95 da Windows 98 akwai sashe mai suna Dial-Up Networking, inda ake ƙirƙirar sabuwar mahaɗa, a rubuta lambar tarhon kamfanin intanet, da sunan mai shiga, da lambar sirrinsa, wani lokaci har da lambobin DNS, wato adireshin na'urar da take fassara sunan shafi zuwa lambar da kwamfuta take ganewa. Dole kuma a faɗa wa modem irin bugun da cibiyar tarhon unguwar take karɓa, ko na sauti irin na tarho mai madannai, ko na ƙwanƙwasa irin na tsohon tarho mai juyawa da yatsa, domin wanda ya zaɓi ba daidai ba zai yini yana kira ba a amsa ba. Idan komai ya zauna, sai a ji modem ya buga lamba, ya yi ta tsuwa da shuu na kusan rabin minti, wanda ba hayaniyar banza ba ce, na'urorin biyu ne suke gwada lafiyar layin suna daidaitawa a kan saurin da zai iya ɗauka. Masu sana'ar sun haddace lambobin da Windows yake nunawa idan abu ya ƙi: 680 na nufin layin ba shi da rai, 676 na nufin lambar kamfani ta cika da masu kira, 678 na nufin ba a ɗauka ba, 691 kuma na nufin suna ko lambar sirri ba daidai ba ne, ko kuɗin mutum ya ƙare.

Saurin da aka rubuta a jikin kwali ya tashi daga kilobit 14.4 a sakan zuwa 28.8, zuwa 33.6, har ya kai 56 da ƙa'idar V.90 ta 1998, amma wannan adadi na ƙarshe yana bukatar layi mai tsabta da cibiyar tarho ta zamani, abin da tsofaffin wayoyin tagulla na Legas ba safai suke bayarwa ba. Ko a kan 33.6, fayil mai nauyin megabayit ɗaya yakan ci wajen minti huɗu, kuma kowane minti ana biyan sa sau biyu, kamfanin intanet ya karɓi nasa, NITEL ya rubuta kuɗin kira. Shi ya sa masu hankali suke rubuta wasiƙunsu a manhajar imel irin Outlook Express ko Eudora tun layi yana kashe, su kira, su aika, su kwaso waɗanda suka iso, su katse nan take. Da damina ruwa yakan shiga ramukan kebul layi ya cika da ƙara, tsawa kuma takan biyo wayar tarho ta ƙone modem ko da kwamfutar a kashe take. Ɗaukewar wutar NEPA ta sa janareto da na'urar daidaita wuta da batirin UPS suka shiga lissafin duk wanda yake son abin ya ɗore.

Duk waɗannan matsaloli na wanda ya riga ya samu layi ne, kuma su ne 'yan tsiraru. Zuwa 2001, layukan tarho da suke aiki a Najeriya duka ba su wuce kimanin 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, kuma mai nema yakan yi shekaru sunansa yana cikin jerin masu jira. Mazaunin Legas ma yana da sa'a, domin lambar kamfanin intanet tana ƙarƙashin 01 ne, kiransa na cikin gari ne, alhali mutumin Kano mai 064 ko na Kaduna mai 062, idan kamfaninsa ba shi da reshe a garinsa, sai ya biya kuɗin kiran nesa a kan kowane minti. Wannan bambanci, wanda ba a cika ambatonsa ba, yana cikin dalilan da suka sa Arewa ta makara a farkon lamarin, kuma bai kamata a ɗora laifin duka a kan ƙarancin ilimin boko ba kamar yadda aka saba yi.

Agege tana da 'yan kilomitoci kaɗan daga Otigba a kan layin dogo guda, kuma Hausawanta sun daɗe da sanin darajar labari mai sauri. Zangonsu ya bunƙasa ne da cinikin goro, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, sannan cinikin shanu ya ƙara masa nauyi, musamman da mayankar Oko-Oba. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa fataucin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa ya dogara ne a kan amana da bashi da saurin sanin farashi, ta hannun masu gida da dillalansu, kuma wannan bayani ya dace da zangunan ƙasar Yarbawa gaba ɗaya. Goro kaya ne mai lalacewa, wanda ya ji farashin Kano a makare ya yi asara. Saboda haka ba ƙyamar sabon abu ce ta hana intanet na tarho kama ƙasa a zango ba, abin ne bai zo da siffar da sana'ar take bukata ba. Ɗan kasuwar da ya saba aika sallahu ta bakin direban babbar mota, ko wasiƙar ajami, ko ya je shagon buga waya ya biya kuɗin minti ya ji muryar abokin cinikinsa, ba shi da abin yi da imel matuƙar wanda yake Kano ko Sakkwato ba shi da layi balle kwamfuta. Ga shi kuma Windows da Turanci yake magana, allon rubutun ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ajami kuwa ba a ma maganarsa, har masu rubuta Hausa suka saba da sa waƙafi a gefen harafi ko su bar ƙugiyar gaba ɗaya, al'adar da har yau ba ta bar rubutun Hausa na intanet ba.

Waɗanda suka fara amfana su ne ɗalibai da ma'aikata da masu 'yan'uwa a ƙasashen waje, kuma yawancinsu a shagon intanet suka koya, inda ake raba layi ɗaya ga kwamfutoci da dama, a sayar da lokaci awa-awa, a rage farashi ga mai kwana yana aiki da dare. Manyan shaguna ba su daɗe ba suka bar layin tarho suka koma VSAT, wato faranti mai magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye. Cunkoso a shagunan ya ƙaru da Amurka ta mayar da cacar bizarta ta intanet kaɗai a 2003, hukumomin jarrabawa irin su JAMB da WAEC kuma suka koma rajista da duba sakamako da katin gogewa.

A watan Janairun 2001 NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, wato na wayar salula, a kan dala miliyan 285 kowanne, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Globacom ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan. Wayar salula ta ba ɗan kasuwar Agege ainihin abin da yake nema, wato murya, da harshensa, a aljihunsa, kuma cikin shekaru kaɗan yawan layukanta ya ninka na NITEL sau da yawa. An sayar da NITEL ga Transcorp a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, layukan ƙasa suka yi ta mutuwa unguwa bayan unguwa. Otigba ta karkata ga sayar da wayoyi da gyaransu, tsofaffin kwamfutoci kuma suka zama wata matsalar, domin rahoton da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na kayan lantarki na gwanjo suke shiga Legas kowane wata, kuma har kashi 75 cikin 100 na wasu lodin ba su gyaruwa.

Fasahar kanta ta fi layin tsawon rai. Kamfanonin tarho marasa waya irin su Starcomms da Multi-Links sun sayar da intanet ta akwatin tarhonsu na tebur, wanda ake jona shi da kwamfuta a buga #777, ƙananan modem na USB da kamfanonin GSM suka kawo daga baya kuma suna buga *99#, duka ta cikin sashen nan na Windows da aka gina don layin tagulla. Masu gyaran da suka koyi aiki a kan katin modem da lambobin 680 da 691 su ne suka riƙa saita waɗannan na'urori a Ikeja, har zuwa lokacin da kebul ɗin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, farashin intanet ya fara sauka, wayoyi masu shiga intanet da kansu suka cika kasuwa.