Wa Ya Dace da Wa: Yadda 'Yan Kallo Ke Ɗaura wa Jarumai Aure

A Amurka, bayan da aka fara nuna shirin The X-Files a 1993, masu kallo sun rabu gida biyu. Wasu na son jami'an binciken nan biyu, Mulder da Scully, su faɗa soyayya, wasu kuma na ganin hakan zai ɓata labarin. Daga wannan taƙaddama ce kalmar "shipping" ta bazu, wato haɗa jarumai biyu a zuci tun kafin marubuci ya haɗa su.

Bahaushe bai ƙirƙiri wata kalma ta musamman ba. "Sun dace" kawai yake cewa, kuma abin da yake nufi aure ne.

Abin ya samo asali daga finafinan Indiya da 'yan kasuwar Labanan suka fara kawowa sinimomin Arewa tun shekarun 1950. 'Yan kallo suka raɗa wa jarumai sunayen gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Da fim ɗin Hausa ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, sai ɗabi'ar ta dawo kan 'yan gida. Kaset ya ratsa har garuruwa irin su Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda ake zama kan benci a gidan kallo, janareto na ruri a waje, ana gardamar wadda jarumin fim ya kamata ya aura. Sangaya ya fi kowane fim rura wannan wuta: Ali Nuhu da Fati Mohammed, wadda ta fito a matsayin Zubaina, suka zama ma'aunin dacewa, har wasu suka kasa raba wasan da gaskiya. A zahiri kuwa wani jarumin, Sani Musa Mai Iska, ta aura. Wasu jarumai mata ma sunan fim ne ya manne musu, irin su Maryam Hiyana da Sadiya Gyale.

Yankin Faskari yana da hannu a lamarin fiye da yadda ake zato. Ibrahim Sheme, ɗan ƙaramar hukumar Faskari, shi ya kafa mujallar Fim a 1999, kuma a shafukanta masu karatu suka riƙa samun labarin wa ke neman wa, wa ya yi aure, wa ya fito.

Yau gardamar ta koma waya. Da Aminu Saira ya fitar da Labarina a 2020, 'yan kallo suka ja daga a Facebook kan mijin da ya dace da Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta. A cikin masu nemanta, magoya bayan Mahmud suka riƙa kafa hujja da tsohuwar soyayya, na Presido kuma da irin ɗawainiyar da ya yi, kowane ɓangare na aika wa darakta saƙon kada ya kuskura ya ba ɗayan.